Jinyar Ranar Lahadi

A asibiti, marar lafiyar da ba shi da mai jinya ya fi kowa shan wuya. Babu mai ɗebo masa ruwa, babu mai juya shi a gado. Shi ya sa wasu mutanen unguwannin Gyadi-Gyadi da Tarauni, 'yan masallaci da 'yan coci, suka haɗa kai suna zaman jinyar waɗanda ba su da kowa. Kiristoci suna karɓar Juma'a don mu sami masallaci, mu kuma mu karɓi Lahadi. Sharaɗi ɗaya liman da fasto suka kafa mana a gaban juna: ba wa'azi a bakin gado.

Ni direban Adaidaita ne, daga ƙauye na zo, ni kaɗai nake kwana a ɗakina. Gaskiya na shiga ne don in sami wanda zan zauna da shi.

Aka haɗa ni da wani tsohon malamin firamare, Kirista mutumin Filato, mai shanyewar ɓarin jiki. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana aure a nesa. Muka saba. Ina shigowa zai ce, "Direba, yau mutum nawa ka buge a hanya?" In ce, "Baba, kai kaɗai ka rage."

Wata Lahadi da hantsi numfashinsa ya sarƙe. Na kira nas, ta yi nata aikin ta fita. Ya nuna wayarsa da hannun mai lafiya, ya ce in kira masa fasto. Na ɗauki wayar na jefa a aljihu, na sunkuya a kunnensa na fara laƙƙana masa kalmar shahada. Na ce wa raina ƙauna ce. Wataƙila akwai ƙaunar, amma akwai kuma son a ce a hannuna ya musulunta. Yana cewa, "Wayar, Direba," ni ina ƙara murya.

Bai mutu ba. Da ya farfaɗo bai kai ƙarata ba. Ya dai gaya wa matar da ke raba mana jinya kada a sake turo masa kowa ranar Lahadi. Da ƙafata na je na faɗa wa liman. Ya ce, "Addinin da ka so ka ba shi, shi ne ya ce a cika alkawari. Kai kuma mai hannu ɗaya ka ƙwace wa waya."

Daga nan Baba ya koma yin Lahadi shi kaɗai, daga safe har a taso daga coci. Ni kuma na kasa zama a gida. Nakan ajiye Adaidaita in zauna a bencin baranda, inda ba ya ganina. Ina jin tarinsa. Sau ɗaya na ji kofinsa ya faɗi ya gangara, ban shiga ba.

Lahadin da ta wuce na ji ya ɗaga murya.

"Direba, na san tarinka. Shigo ka juya ni, bayana ya yi tsami."

Na shiga na juya shi, na gyara masa matashi. Na buɗe baki zan nemi gafara, ya ɗaga hannu.

"Zauna dai. Ban shirya jin muryarka ba tukuna."

Na zauna. Ya tura wayarsa ƙarƙashin matashin, ya rufe ido.