Zanen da Furera ta zaɓa

Furera shekararta hamsin da huɗu, mijinta ya rasu, tana zaune a gidan da ya bar mata a Ƙofar Guga. Sana'arta dafa wa leburori abinci a wajen gini. Tun ƙarshen daminar bara ba ta ɗora tukunyar sayarwa ba. A lokacin ne 'yarta Mairama ta rasu sanadin wutar da ta kama zanenta, kuma irin wannan zanen sak yana jikin Ladi, wadda ta gaji murhun, tana durƙusawa da shi gaban wuta kullum.

Da tuwon dawa ta fara a zauren gida, mijinta Garba magini yana kawo mata abokan aikinsa. Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, gine-gine suka tashi a GRA, mutanen ƙauye suka kwararo birni neman aikin kwaɓa siminti. Wani ɗan kwangila ya ba ta gindin wata bishiyar bedi, ta kafa murhu. Daga hantsi zuwa la'asar ana daka, ana tankaɗe, ana ɗebo ruwa, ana tuƙa tuwo da muciya mai kusan tsayin mutum.

Aikin yana cin tufafi. Gumi ya cinye hammatar riga, durƙuso ya huda zane a gwiwa, mai da toka su ɓata abin da ya rage. Amma Furera ba ta yarda a fito aiki da tsumma ba. Takan ce lebura ma ido gare shi, kafin ya kalli tuwonki sai ya kalli zanenki.

Saboda haka ta ƙware a zaɓen atamfa, har matan unguwa sukan roƙe ta ta raka su kasuwa. Takan murza gefen zane tsakanin yatsu ta ga ko sitaci ne ya cika shi. Ta ja shi a tsaye, ta ja shi a kwance, ta ɗaga wa rana. Ta jiƙa shi da yawu ta goga a farin ƙyalle, in ya zuba ta ajiye. Ta fi son mai duhu da ƙananan zane, don yana ɓoye tabo. Hannun riga kada ya wuce gwiwar hannu, gyale kuwa a rataye shi a reshe sai an tashi.

Mata biyu ke taya ta aiki. Ɗaya Mairama, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida. Ɗayar Ladi, maƙwabciyarsu, ƙawar Mairama tun suna 'yan mata. Mairama ce 'yar fari, don haka Furera tana yi mata alkunya kamar yadda ta taso ta ga ana yi. Ba ta faɗar sunanta, ba ta yabonta gaban mutane. In tana son ta, sai ta ce, "Ladi, kira min waccan."

Ana gab da ƙaramar Sallar bara ta je rumfar Alhaji Sada, mai sayar da yadi, wanda ta daɗe tana ciniki da shi. Bayan doguwar gaisuwa ya jawo wani shuɗin yadi mai sheƙi, sabon shigowa.

"Inna Furera, yau na kawo wanda zai gagare ki."

"Kullum haka kake cewa, Alhaji, in kai gida ruwa ya wanke maganarka."

"Wannan ba ya yagewa, ba ya zuba, ba ya son guga. Ki wanke da asuba, kafin hantsi ya bushe. In ƙarya nake ki dawo ki kwashe rumfar."

Ta murza, babu sitaci. Ta ja har hannunta ya gaji, bai motsa ba. Ta jiƙa ta goga, farin ƙyallen ya fito fari. Duk shekarunta a kasuwa ba ta taɓa riƙe abin da ya tsallake gwajinta haka ba. Ta sa aka yanka na mutum biyu, riga da zane, su yi Sallah da shi sannan su ci gaba da aiki. Kanta ba ta saya wa ba, ta ce sheƙi ya wuce tsohuwa.

Da tela ya gama, Furera ta miƙa wa Ladi ƙunshin. "Ga wannan, ke da waccan."

Mairama tana tsaye a wurin. Ta yi dariya ta ce, "Ladi, ce wa Inna waccan ta gode."

Daga baya Ladi ta ce ranar Sallah Furera ta bi su da kallo har suka sha kwanar lungu, ta ɗauka ba su gan ta ba.

Bayan Sallah aiki ya dawo. Wata safiya hadari ya haɗo, itacen kuma a jiƙe yake. Mairama ta durƙusa tana hura wuta, iska ta kaɗo harshenta zuwa gefen zanen. Atamfa in ta kama, tana ba mutum lokacin da zai kwance ya yar. Wannan takurewa ya yi ya narke ya manne da fata. Leburori suka rugo da ruwa da yashi. Ɗanliti, direban tifa, ya kai ta asibiti. Ta yi 'yan kwanaki ta cika.

Furera ba ta yi kuka gaban masu ta'aziyya ba. Suka ce kwana ne ya ƙare, ta ce haka ne. Bayan sadakar arba'in ta ɗauko ragowar ƙyallen da tela ya maido, da wani na tsohuwar atamfa, ta ƙyasta ashana. Na atamfar ya ci ya zama toka. Shuɗin ya nannaɗe ya zama baƙin ɗigo, ya manne mata a ɗan yatsa. Tabon yana nan. Alhaji Sada, da ya zo gaisuwa, ya rantse bai sani ba, ita kuma ta yarda, don ita ma ba ta sani ba.

Ladi tana da 'ya'ya uku, ba ta da wata hanyar ci da su, sai ta koma gindin bedin ita kaɗai. Sauran zannuwanta sun mutu, shuɗin kuwa ko alamar tsufa bai yi ba. Furera ta aika mata ta bar sa shi, ta sake aikawa. Ladi ta aiko da amsa cewa mutuwa ba a zane take ba, kuma shi kaɗai ne abin da suka sa tare da ƙawarta. Furera ba ta iya taka hanyar GRA ba. In ta kai bakin ƙofar gari sai ta juyo.

Makon jiya ta koma rumfar Alhaji Sada. Ta zaɓi atamfa mai kauri, ruwan ƙasa da ƙananan ganye. Ta murza, ta ja, ta jiƙa. Sannan ta zaro zare ɗaya ta fito da ashana. Alhaji Sada ya matsar da kayansa gefe. Zaren ya zama toka.

Ranar Litinin ta karɓo ɗinkin, ta ɗora a ka, ta wuce ƙofar gari. Ta tarar da Ladi tana tuƙi, leburori sun fara jeruwa da kwanoni.

"Inna! Ke ce da kanki? Sannu da zuwa. Ina gajiya, ina ƙarfin jiki?"

"Lafiya lau. Sannu da aiki. Ungo, je ki canza."

"Inna, ai mun yi maganar nan. Lafiyarsa ƙalau, dubi, ko zare bai tashi ba."

"Na san lafiyarsa ƙalau. Ni na zaɓe shi."

"To bari in sauke tuwon, mutane na jira."

"Kawo muciyar." Furera ta miƙa hannu. Ladi ba ta saki ba. Suka tsaya haka, kowa riƙe da gefe ɗaya.

"Ladi, na ba Mairama ta sa. Ba zan zauna in ji naki ba."

Daga baya Ladi ta ce tun tana yarinya take shiga gidan Furera, ba ta taɓa jin sunan daga bakin Furera ba sai ran nan. Ta saki muciyar, ta ɗauki ƙunshin ta shiga ɗakin ajiye siminti.

Furera ta rataye gyalenta a reshe ta tuƙa tuwon har ya yi. Da Ladi ta fito, Furera ta duba kafaɗar rigar, ta ce tela ya ɗan matse hammata, a mayar masa ya buɗe. Ta karɓi shuɗin riga da zanen ta ninke, ta sa a ka, ta koma Ƙofar Guga da su.