Lemun Tsami Guda Ɗaya

Har yau ba na iya zama inda ake yanka lemun tsami. Jiya jikata ta matsa shi a kunun gyaɗa, ƙamshin ya biyo ni har ɗaki, sai ga ni a tsakar gidanmu na Kahu, ina 'yar shekara takwas, ƙanena zaune a cinyar kakarmu yana cin ƙanzo.

Kakar nan tamu, mahaifiyar babanmu, ba ta taɓa ɓoye wanda ta fi so ba. Ƙanena ne. "Maigida" take ce masa, shi take ajiye wa ƙuli-ƙuli a ƙwaryar da ke rataye a ragaya. Ni kuwa 'yar aike ce, kuma ba ta yi dacen 'yar aike ba. In ta aike ni ɗebo wuta maƙwabta, garwashin kan mutu a kasko ina can ina kallon 'yan gaɗa. Takan ce da ni ake aika kiran mutuwa, da kowa ya tsufa a garin nan.

A shekarar da ake ta zancen Turawa za su tafi, bayan an gama roron gyaɗa, labari ya zo agana ta ɓulla wajen Fammar. Manya ba sa kama sunanta, sai dai su ce 'yan rani. Ba a jima ba sanƙira ya zaga gari, ya ce masu lambar rigakafi na tafe daga Rano, kowa ya fito da 'ya'yansa ƙofar dagaci. Wasu suka ɓoye nasu a rumbu. Babanmu bai yarda ba, ya tasa mu gaba.

Mai lambar wani siriri ne, da akwatin ƙarfe a bayan keke. Ya ɗiga wani ruwa a dantsena, ya ɗan karce wurin, ko zafin kirki babu. Ya ce da iyaye a bar shi ya bushe, kar a wanke, kar a shafa komai. Bai faɗi dalili ba, ba kuma wanda ya tambaye shi, ga wasu ƙauyukan suna jiransa.

Mata kuwa suna da nasu sanin. Sun sha ganin hannun yaro ya kumbura bayan lamba, ya yi ruwa, zazzaɓi ya kwantar da shi, sai suka ɗauka ciwo ake dasa wa yara. Maganin abin a wurinsu, a goge wurin da lemun tsami tun bai shiga jiki ba. Muna komawa gida babanmu ya wuce gona, Kaka ta ja ni gefe.

"Maza lambun mai unguwa ki roƙo mana lemo biyu. Ki tsaya wasa ki gani."

Ran nan ban tsaya ba, don ni ma tsoron kumburin nake. Ƙaya ta soke ni a hanya, ban ko duƙa na cire ba. Na tarar mata sun riga ni, mai lambu ya lalubo mini guda ɗaya, ƙarami, duk ya yamushe. Kaka ta raba shi biyu, ta matse ɓarin farko a dantsen ƙanena, ta dirje. Ruwan bai ishe ta ba, ta ƙara da ɗaya ɓarin. Ni ina tsaye na miƙa hannu.

"Ni fa, Kaka?"

"Ke babba ce, za ki jure."

Na sha kuka, na yi kwana biyu ba na yi wa ƙanena magana. Hannuna ya kumbura suntum, na kwanta zazzaɓi, wurin ya yi ɓawo ya bar mini tabo. Nasa kuwa sumul, har Kaka tana nuna wa maƙwabta.

Da bazara agana ta shigo unguwarmu, ta kama ƙanena. Aka kafa masa bukka bayan gida. Kaka ta yi cutar tun tana budurwa, fuskarta duk zanzana, don haka ita ta shige da shi. Ni ke kai musu kunu in ajiye a bakin zana, ko ciwon kai ban yi ba. Ina jin sa yana kirana in shigo mu yi wasa, muryar tana raguwa kullum. Ranar Juma'a da hantsi Kaka ta fito ita kaɗai.

Ba wanda ya ce mata komai, babanmu ma bai taɓa sanin zancen lemon ba. Amma ta duba yaran unguwa, ta ga masu tabo suna nan suna tsalle-tsallensu, ta gane. Daga nan in na zauna kusa da ita sai ta kama dantsena, ta ɗora babban yatsa a kan tabon. Da masu lamba suka dawo, ita ta tsaya ƙofar dagaci da sandarta, ba macen da ta bari ta tafi da yaro sai wurin ya bushe.

Na girma na yi aikin jinya har na ajiye. Agana ta ƙare, yaran da ke aiki a asibiti yanzu a littafi suka san ta. Amma iyaye suna nan yadda suke. Wata ta daina ba ɗanta magani da zarar jiki ya yi sanyi, wata ta ƙi dawowa allura ta biyu don ta farko ta sa zazzaɓi. Ina jin ma'aikata suna yi musu tsawa, suna kiransu jahilai. Ni ban taɓa iyawa ba. Nakan zaunar da uwa, in naɗe hannun riga in nuna mata tabon, in gaya mata tun da wuri zazzaɓi zai zo, in faɗa mata dalili. Da mai keken nan ya tsaya ya yi wa Kaka haka, da ta ji.

Ina kewar ƙanena, ina kewar tsohuwar nan da tsiyarta, kuma na daɗe da yafe mata. Kaina ne har yau nake fama da shi. Duk ƙuruciyata sau ɗaya tak na yi saurin aike.