Ranar da Turancina ya ɗaure saniya a kurmi

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, aka kawo wata 'yar bautar ƙasa garin Isa, likitar dabbobi ce daga kudu. Hausarta ba ta wuce "sannu" da "nawa ne" ba, ga shi aikinta duk a rugage yake. Sai aka shiga neman wanda zai riƙa kai ta a babur yana yi mata tafinta. Yayan mahaifiyata ya ce ai ga ni nan zaune a garinmu Kamarawa ba aikin fari ba na baƙi, kuma duk unguwa an san ni da Turanci.

Gaskiya an san ni da shi. Ni nake karanta wa mutane takardar asibiti, ni nake rubuta wa tsofaffi saƙo a waya. Har na fara ɗauka cewa babu sauran abin da ya rage mini a harshen nan. Ranar farko da na ɗauki Likita, haka kowa yake kiranta, na nuna mata wani rairayi da za mu ratsa, na tambaye ta ko za ta iya zama a baya ba tare da ta faɗi ba. Ta yi dariya ta ce, "Piece of cake." Na san ma'anar kalmomin ɗaya bayan ɗaya, don haka na yi ta satar kallon jakarta har muka dawo, ina jiran ta ciro kek ta gutsura mini. Ba ta ciro ba, ni kuma ban tambaya ba. Ashe nufinta abu ne mai sauƙi. A lokacin gani nake in na ce ban gane ba, mutuncina ya zube.

Haka muka yi ta tafiya wajen wata biyu. Abin da na gane in faɗa, wanda ban gane ba in cike shi da abin da ya zo mini a ka. Da yake yawanci maganar allura ce da ranar dawowa, asirina bai tonu ba.

Ana gab da faɗuwar damina sai wani dattijon Bafillace, abokin mahaifina ne tun suna samari, ya aiko a kira mu. Baffa muke ce masa. Ya yi rani da shanunsa a fadama kusa da gulbi, wajen Tozai, kuma ranar suke shirin tashi su hau tudu, don masu gonaki sun fara shara. Wata saniyarsa ce ta haihu, ɗan ya zo babu rai, mabiyiya kuma ta ƙi faɗowa kwana biyu. Mun same ta kwance a wani ɗan kurmi na bagaruwa da kurna, ko kai ba ta ɗagawa. Saniyar nan daga wadda mahaifinsa ya ba shi ta fito, shi ya sa duk garken babu wadda yake ji da ita kamarta.

Likita ta naɗe hannun riga ta yi aikinta, ta ciro abin da ya maƙale, ta wanke, ta yi allura biyu. Tana wanke hannu Baffa ya matso kusa da ni.

"Ɗana, tambaye ta, za ta tashi?"

Na tambaye ta. Ta dubi saniyar ta ɗan girgiza kai ta ce, "She is not out of the woods yet."

Na san "wood" itace ne. Na duba, ga saniya kwance cikin itatuwa. Lissafi ya fita. Na juya wurin Baffa da ƙarfin hali na ce, "Ta ce kada a hidda ta daga cikin itacen ga tukuna."

"Har yaushe?"

"Sai mun komo," na ce, don na ji ta ambaci kwana huɗu.

Baffa ya dubi sama wajen gabas inda gajimare ya fara haɗuwa. Sannan ya ce, "To, tunda likita tac ce, za ni zauna da ita. Yara su wuce da sauran."

A kwana na biyu aka yi ruwan farko, mai ƙarfi. A na uku aka sake. Ina gida ina jin daɗin sanyin, ko tunanin Baffa bai zo mini ba. Da muka koma a na huɗu, sai da muka ajiye babur muka taka a ƙasa, don fadama ta jiƙe sharkaf. Rugar ta tashi, ba kowa sai shi kaɗai a ƙarƙashin wata leda da ya ɗaura tsakanin itatuwa biyu. Saniyar ta miƙe tana cin ganye, an ɗaure ta da igiya a jikin kurna, taɓo har gwiwarta. Shi kuwa yana zaune a kan wani kututture ya lulluɓa da bargo, jikinsa sai rawa yake saboda zazzaɓi.

Likita ta tsaya tana kallonsa, ta ce in tambaye shi me ya sa bai bi mutanensa ba. Na sunkuyar da kai. Na tambaye shi, ya amsa, na mayar mata da Turanci cewa ai ita ce ta ce kada saniyar ta fita daga cikin itatuwa. Ta daɗe tana dubana. Ba ta yi faɗa ba. Murya ƙasa ƙasa ta ce mini abin da take nufi shi ne saniyar ba ta tsallake haɗari ba tukuna, itace bai shigo maganar ba ko kaɗan. Da an bi ta a hankali ma, da tun washegari ta isa tudu.

Baffa ya ce, "Mi tac ce?"

Na ce, "Ta ce saniya ta warke, ana iya tahiya."

Ranar Likita da kanta ta ja saniyar zuwa tudu wurin yaransa, ni kuma na ɗauki Baffa a babur zuwa asibiti a Isa. Sai da ya yi kwana biyar a kwance. Kullum ina zuwa da fura daga wurin mahaifiyata, kullum yana sa mini albarka, ni kuwa ko haɗa ido da shi ba na iyawa.

A hanyar aiki ta gaba na ce wa Likita za ni ajiye aikin. Ta ce ba ta yarda ba, amma akwai sharaɗi. Duk maganar da ta yi wadda ban gane ba, in tsayar da ita nan take, ko a gaban wa muke. Ita kuma za ta riƙa tambayata Hausa. Na sayi ɗan littafin rubutu a kasuwa na sa a aljihu. Daga nan tafiyarmu ta zama makaranta a kan babur. Tana daga baya tana ɗaga murya saboda iska, tana gaya mini cewa "under the weather" rashin jin daɗin jiki ne, "hold your horses" kuma a yi haƙuri ne, ko da babu doki a wurin. In mun tsaya shan ruwa a gindin wata bishiya sai in rubuta.

Ita ma ta sha nata. Wata rana matan wata ruga suka ce tana da farin jini, na fassara mata kalma da kalma don in rama. Ta zaro ido, ta fara yi mini bayanin cewa a likitance wannan ba ƙaramar cuta ba ce. Da na gaya mata ana nufin mutane suna son ta, sai da ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Kuma har ta gama shekararta ba ta daina mamakin yadda muke shan iska, mu sha wahala, mu sha kashi, duk da baki ɗaya ba.

Baffa kuwa sai bayan kaka na iya gaya masa gaskiya. Na gamu da shi ranar kasuwar Sabon Birni, ya kawo ɗan maraƙi. Na ja shi gefe na ce, "Baffa, zaman da ka yi cikin ruwa, ba likita ta sa ka ba. Ni ne ban gane maganarta ba, na ji kunyar in tambaya."

Ya gyara sandarsa a kafaɗa ya ce, "Na sani. Tun ran da kunka komo na ga yadda ta dube ka, na ga yadda ka sunkuyar da kai."

"To, don mi ba ka ce komi ba?"

"Gaban baƙuwa za ni kunyata ɗan abokina? Ai na san za ka zo da kanka. Ka dai daɗe."

Yau ni malamin Turanci ne, kuma irin waɗannan maganganu na cikin abin da na fi son koyarwa. Ɗalibaina suna ɗauka a jami'a na koye su. Likita ta koma garinsu, takan kira ni da salla mu gaisa da 'yar Hausarta da ta rage. Hanyoyin nan da muke bi mu biyu da jakar allura, babu abin da muke tsoro sai facin taya, yanzu mutum ba ya shigarsu haka kawai saboda 'yan bindiga, rugage da yawa kuma sun watse. Baffa ya rasu a can ƙetaren iyaka, labari kawai muka samu, ban sami zuwa gaisuwa ba.

Na yi karatu wurin malamai da yawa bayan nan, wasu har da manyan digiri. Amma in aka tambaye ni wa ya fi wahala a kan Turancina, ba na ambaton ko ɗaya daga cikinsu. Wani tsoho ne da bai san kalma ɗaya ta Turanci ba, wanda ya kwana huɗu a kurmi ya sha dukan ruwa saboda ya yarda da ni, kuma ya riƙe bakinsa wata shida yana jiran in girma. Allah ya jiƙansa.