Giɓin Cleophus

Duk wanda ya zo cocinmu ranar Lahadi sai ya raɓa ta gefen Cleophus Gaddis, don shi ke tsaron ƙofa, kuma rabin ƙofar jikinsa ne. Ya tsufa yanzu, gwiwoyi sun gaji, ya ajiye aikinsa na kamfanin gyaran tarwaɗa. Amma tsayuwar tana nan yadda na san ta tun muna sakandare a garinmu na Mississippi.

A ƙungiyar makaranta ta ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a ruga da ita, shi ne na tsakiyar layin tsaro, ni ina bayansa. Tsarin Koci Burrell ba wuya. Abokan karawa za su jeru kafaɗa da kafaɗa, tsakanin kowane mutum biyu akwai giɓin da mai rungume da ƙwallo zai iya kutsawa. To kowannenmu da giɓinsa, sai ya toshe shi ko da ƙwallo ta bi wani wajen.

"Ban ce ku nuna mini jarumta ba," in ji Koci. "Kowa ya tsaya inda na ajiye shi."

Clee kuwa, kamar yadda muke kiransa, ya tsaya. Ƙarti biyu ke taruwa a kansa, amma ko gezau. Mai ƙwallo ya zo ya tarar ba hanya, ya karkata, sai ya faɗo hannuna. Nan Mista Odom mai aski, wanda ke riƙe da lasifikar fili, zai kwarara: "Tsakiya a toshe! Wendell Pickens ya kayar da shi!" Ni ke nan. Wanda ya kayar ake ambata, ba wanda ya tare ba, haka abin yake.

Abin da ke cin ran Clee shi ne mahaifiyarsa. Ciwon suga ya tafi da idanun Mama Ozella, amma ba ta fashin wasa. Kowace Juma'a da yamma tana kan benci, kwanon soyayyen kifi a cinya, kunne a lasifika. Duk shekarun nan ba ta taɓa jin an kira ɗanta ba.

Ranar wasanmu na ƙarshe muna ɗaura takalma ya ce, "Wendell, so nake ta ji sunana. Sau ɗaya tak."

"To ka bar giɓin ka bi ƙwallo mana, ƙato," na ce. "Ko tsoro kake kada tumbin ya riga ka isa?"

Ya yi ɗan murmushi.

Wasa ya zo gangara muna gaba da kaɗan, abokan karawa kuma suna bakin layin da in sun tsallaka sun ci mu, damarsu ta ƙarshe. Mai ƙwallonsu ya yanki dama da gudu. Clee ya ture ɗaya daga cikin masu tare shi, hanya ta buɗe masa tar, saura taku kaɗan ya cafke yaron. Na ga kan Clee ya juya wajen yaron. Sai dai in ya tafi, tsakiya ta zama wayam, yaron nan kuma gwanin juyowa ne.

Clee ya kafe ƙafa a inda yake. Yaron ya juyo kuwa, ya tarar da shi ya cika giɓin, ya yi turus, na rungume shi muka zube.

"Tsakiya a toshe! Wendell Pickens ya kayar da shi!"

Mun ci wasa. Ban taɓa jin haushin sunana irin na ranar ba.

Na bi Clee muka hau benci, hular kwanonsa a hannu. Ya tsaya gaban mahaifiyarsa ya ce, "Mama, yau ma ba a kira ni ba. Kuma shi ke nan, an gama."

"Wa ya ce maka?" in ji ta. "In Odom ya ce tsakiya a toshe, wa kake zaton nake ji? Wannan siririn Wendell ne zai toshe wani abu? Ni makauniya ce, yaro, ba kurma ba. Tun wasanka na farko nake jin ka."

Ta miƙo mini kwanon ba tare da ta juyo ba. "Kai Wendell, riƙe nan."

Ƙaton nan ya durƙusa, ya kifa kai a cinyarta yana kuka, ita kuma tana shafa masa ƙeya da hannunta mai maiƙon kifi.