Cindon Jikana

Surukata ce ke rubuta wannan, ni ban san baƙi ba. Ɗanta ne na kusa lalata wa hannu, shi ya sa na ce ita za ta rubuta.

Wata huɗu da rasuwar maigidana ɗana ya kawo ni Riyad, unguwar Shumaisi. Ina zuwa matarsa ta haihu, namiji, da cindo a hannun hagu, daidai inda kakansa yake da shi. Na yi kuka har maƙwabta suka leƙo.

A garinmu zare ake ɗaure wa cindo, ya bushe ya faɗi. Ranar da uwar ta shiga wanka, na zare zare daga bakin mayafina na ɗaure. Ban gaya wa kowa ba.

Kafin la'asar yatsan ya yi baƙi, kumburi ya haura bayan hannu, yaron ya ƙi nono.

"Inna, me kika yi?" in ji ɗana.

"Abin da aka saba."

"Kin taɓa shi kin ji ko akwai ƙashi a ciki?"

Ban taɓa ba. A mota na tuna dalilin da maigidana ya shiga kabari da nasa: wanzami ya latsa ya ji ƙashi, ya ƙi ɗaurewa. Sau nawa marigayin ya ba ni labarin nan!

A mustashfa, wato asibiti, suka karɓe yaron suka rufe ƙofa. Ɗana malamin jami'a ne, aikinsa ƙasusuwan da suka zama dutse. Muna jira, ya nuna mini hoton wani dutse mai ƙashin hannu a jikinsa a waya.

"Ƙirga yatsun, Inna."

Takwas na samu. Ya ce dabbar ruwa ce ta zamanin da. Daga baya halittu suka tsaya a biyar. Doki ya rage nasa, tsuntsu ya rage, amma ƙari da wuya ya zauna, domin tun a ciki ake gina hannu bi da bi, abin da ke tsara yatsu yana tsara wasu gaɓoɓin ma.

"To, na babanka fa?"

Ya juya fuska.

Likita ta fito da zaren cikin auduga. Ta ce hannun ya tsira. Cindon ne ya mutu, suka cire shi.

Zaren yana ƙulle a bakin mayafina. Kullum in na yi wa yaron wanka sai na ƙirga, biyar, in shafa tabon, in kira kakansa.