Kwalbar Ruwan Rijiyarmu

Ana shirin zaɓen komawa mulkin farar hula rijiyar gidanmu a Challawa ta yi baƙi. Ruwan jima da wani kamfanin fatu ke saki ne ya ratso ƙasa ya same ta. Wari kuwa, ko akuya ba ta kusantarsa. Rijiyar nan ita kaɗai gare mu, kuma kakanmu ne ya haƙa ta. Baba ya cika kwalba da ruwan ya ce, "Kai ka saba da mutanen birni. Kai wa ɗan takarar nan ya gani da idonsa."

Na roƙi wani abokina ya riƙe mini aikin safe a masaƙarmu ta Sharada, na kama hanya. Ranar na san 'yan siyasa iri-iri ne.

Na fara da ciyaman na mazaɓa. Ya shinshina kwalbar, ya yi salati, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai sakatare. Sakatare, mai biro uku a aljihu, ko kallonta bai yi ba, katin jam'iyyata ya tambaya. Don Allah, rijiya tana yankar kati ne? Daga nan na faɗa hannun mai lasifika, wanda ke zaga kasuwanni a mota yana zagin abokan hamayya. Shi murna ma ya yi. Wai in bar masa ita ya ɗaga a taro, ya ce ɗaya jam'iyyar ce ta zuba. Na rungume abata na yi gaba.

Da la'asar na isa gidan ɗan takara a Bompai. 'Yan banga a ƙofa da gorori, 'yan kanzagi kewaye da shi, ko tari ya yi sai ka ji, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe!" Na daɗe a layi. Gabana da bayana duk 'yan aiken malamai ne, kowa da kwalbarsa ta rubutu, tunda zaɓe ya ƙarato.

Na durƙusa, na buɗe baki ke nan wani ɗan kanzagi ya fizge tawa ya miƙa. Alhaji ya ɗaga ta, ya ga baƙi wuluk, ya gyaɗa kai. "Wannan ya ji tawada. A ce wa Malam na gode." Ya tsiyaya a tafinsa, ya shafe fuska da ƙirji. Da ya yamutsa hanci, sai aka ce ai mai ƙarfin haka yake.

"Ranka ya daɗe, ruwan rijiyarmu ne!" Ina! Muryata ta nutse cikin amin. Wani ɗan banga ya ɗaga ni ta kafaɗa ya yi waje da ni. Har yau in na tuna sai na ja tsaki.

Na tarar da Baba a zaure yana jirana. "Ya gani?"

Na ce, "Ya gani, Baba, har ya shafa."

Bai yi dariya ba. Bayan kwana uku ya sa muka turo ƙasa a baro. Shi ya zuba shebur ɗin farko, muka cike rijiyar.