Faifan Inna a Bakin Na'urar Leza

Da ƙyar na shawo kan malamina ya bar ni in kai na'urar auna girgije zuwa garinmu Tozai. Shi so yake ta zauna a jami'a, ni kuwa na nace, don ba wanda ya taɓa auna sararin samaniyar yankinmu. Ya yarda, amma ya ce in bayanai suka zo a birkice zai aiko mota a ɗauke ta, in ƙarasa digirina da awon wani wuri.

Aikinta ba wuyar faɗa. Tana harba siririn hasken leza sama ta gilashin bakinta, hasken ya bugi hayaƙi ko girgije ya dawo, sai ta lissafa nisan abin. Ido ba ya ganin hasken. Na girke ta a tsakar gida kusa da rumbu, na haɗa mata sola.

Kullum da hantsi nakan hau babur zuwa Isa, inda ake samun sabis, in tura awon jiya. Nan tsiyar take. Awon safe lafiya lau, amma daga hantsi zuwa la'asar sai na'urar ta ce wai girgije na nan daf da bakinta, ana tsakiyar rani. Na goge gilashi, na sauya waya, har zaginta na yi. Malam ya fara amsa mini a taƙaice, hankalina ya tashi.

Ranar da taya ta fashe na dawo da wuri. Ina shiga na tarar da mata suna shiƙar gero, ga faifan mahaifiyata kife a bakin na'urar, har da dutse a kai.

"Inna! Wa ya rufe ta?"

"Ni ce," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ke ɗiyag ga, abu mai baki a bash shi buɗe ana shiƙa? In mun ƙare ina ɗauke mata."

A gidanmu ko tulun da ba ruwa ba a barin sa buɗe. Haushi ya kama ni, dariya kuma ta fi ƙarfina. Muka shirya, shiƙa ta koma bayan gida, Inna tana mita wai mun mai da ƙarfe sarauniya.

Da hadarin farko ya taso daga gabas, ina tsugune gaban kwamfuta ina kallon gindin girgijen yana saukowa, layi tsaf, babu giɓi. Washegari a Isa na tura. Ban kai ga babur ba malam ya kira, yana tambayar ko akwai gidan da za a girke ta biyu a Sabon Birni.

Na dawo ina rangaɗa guɗa tun daga zaure. Inna ta fito a firgice tana tambayar ko lafiya.

"Lafiya lau, Inna," na ce. "Ba mai zuwa ɗaukarta."